Zarge, tarkon ƙafa ko keji: wanne ya dace da sabon shiga wajen kama koyoti?

Duk wanda ya fara kiwon tumaki ko awaki ko kaji a bayan gari a Amurka ko Kanada ba zai daɗe ba zai san koyoti. Dilan can ne, sai dai ya fi namu jiki da ƙarfin hali, nauyinsa daga kilo 9 har zuwa 20 da ɗoriya, na gabas ma sun fi na yamma girma saboda akwai jinin kerkeci a jikinsu. In ka cire Hawai babu jihar Amurka da babu shi, har cikin Shikago da Los Anjalis yana yawonsa da dare hankali kwance. Toh ranar da mutum ya wayi gari ya tarar an farke masa ɗan rago, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne ya shiga intanet ya yi odar zargen waya dozin guda tunda arha ne, ya je ya rarrataya a jikin shinge. Arhar nan ita ke yaudarar mutane, domin zargen dala uku zai iya jawo maka tarar da ta fi kuɗin ragon sau goma, ko rigima da maƙwabci kan karensa, kuma a can kare ba abin wasa ba ne, kamar ɗan gida suke ɗaukarsa.

Abu huɗu ne a gabanka in ka yanke shawarar kamawa: zarge mai kisa, zarge mai sassautawa wanda ke riƙe dabba da ranta, tarkon ƙarfe mai kama ƙafa, sai keji. Akwai na biyar da zan taɓo a taƙaice.

Ma'aunin da za a duba kafin a sayi komai

Na farko doka, kuma wallahi ita ce ke yanke rabin shawarar tun kafin ka buɗe jakar kuɗinka. Babu doka ɗaya ta ƙasa baki ɗaya, kowace jiha da tata, a Kanada kowane lardi da tasa. Arizona ta hana zarge da tarkon ƙafa a filayen gwamnati tun 1994. Kolorado da Masachusets sun yi ƙuri'ar jama'a a 1996 suka hana, duk da a Kolorado an bar wa manomi ƙofa ta kwana 30 a shekara in ya nuna ana masa ɓarna kuma sauran dabaru sun gaza. Kalifoniya ta hana tarkon ƙafa a 1998, a 2019 kuma ta hana ɗana tarko don sayar da fata gaba ɗaya. Jihar Washinton ita ma ta hana tarkon ƙafa a 2000. Niu Meziko a 2021 ta hana tarko da zarge da guba a filayen gwamnati, dokar ma da sunan wata karya ake kiranta, Roxy, wadda zarge ya shaƙe a 2018 tana yawo da mai ita. Niu Jazi kuwa abin nata a juye yake, tarkon ƙafa ne haramun tun 1984 amma zarge mai sassautawa an yarda da shi ga wanda ya yi kwas. A Teksas koyoti ba shi da lokacin da aka rufe farautarsa. Kaga kenan abin da wani ya nuna maka a YouTube daga gonarsa zai iya zama laifi a taka gonar, don haka ka fara da ɗan littafin dokokin da hukumar namun daji ta jiharka ke fitarwa duk shekara, kyauta ne, yana shafinsu.

Na biyu, wa ke bin hanyar banda koyotin. Karen maƙwabci, barewa, ɗan maraƙi, akuyarka ma da kanta. Tarko bai san suna ba.

Na uku ya fito daga na biyu: in abin da ba ka nufa ba ya faɗa, zaka iya sakinsa lafiya? Ni a wurina wannan ya fi kuɗi muhimmanci ga sabon shiga, domin sabon shiga dole zai kama abin da bai yi niyya ba.

Sauran su ne kuɗi da ƙarko, sauƙin koyo, yanayin wurin (ƙasa mai daskarewa da dusar ƙanƙara ba ɗaya take da busasshiyar ƙasar Teksas ba), sai lokacinka. Jihohi da yawa sun wajabta a duba tarko kowace awa 24, wasu sun ɗan sassauta zuwa 36 ko 48 ko 72. In aikinka na dare ne ko kana tuƙin babbar mota kana kwana a hanya, tun yanzu ka san babu ɗaya daga cikinsu da ya dace da kai sai in akwai wanda doka ta yarda ya duba maka. Barin dabba ta kwana biyu a tarko cikin sanyi zalunci ne, kuma mu da aka hore mu da cewa ko kisa za a yi a kyautata shi ba sai jami'in gandun daji ya tuna mana ba.

Zarge mai kisa

Waya ce murɗaɗɗiya ta ƙarfe irin wadda ake kira kebul ɗin jirgin sama, kaurinta 5/64 ko 3/32 na inci, wato milimita biyu zuwa biyu da rabi, an yi mata zobe da ɗan makulli da ke zamewa gaba amma ba ya komawa baya. Koyoti ya sa kai yana tafiyarsa, zoben ya zame ya rufe a wuya, duk jan da ya yi ƙara matsewa yake. Wasu ana ƙara musu ɗan sifirin a bayan makullin don ya ci gaba da matsawa ya toshe jijiyoyin jinin wuya a mutu da wuri, a yammacin Kanada kuma, irin su Saskacewan da Alberta, akwai mai babban sifirin da ke fizge wayar da ƙarfi nan take, wanda aka fi sani shi ne na kamfanin Ram.

Kuɗi: babu abin da ya kai shi arha, ɗaya dala 2 zuwa 4 ne na gama-gari, mai babban sifirin ya fi tsada sosai amma shi sifirin ɗin ana sake amfani da shi. Ƙarko kuma babu, zarge sau ɗaya yake kamu, da zarar dabba ta yi kokawa da shi wayar ta lanƙwashe ta murɗe, sai dai ka cire makullin da majuyin, wato ɗan ƙarfen da ke juyawa don kar wayar ta murɗe, ka yar da sauran. Kar ka yi rowa ka miƙar da tsohuwar waya ka sake ɗanawa, ba za ta zame da sauri ba, sai ta kama dabbar a ƙugu ko a ciki, wahala kenan gare ta da kai.

Sauƙi: a ido shi ne mafi sauƙi, babu tono babu binnewa babu nama, jaka ɗaya za ta ɗauki hamsin, kuma daskarewar ƙasa ba ta dame shi ba. Amma duk aikin yana wajen karanta sawu. Zarge ba ya kiran dabba, jira yake a inda dabbar za ta wuce da ma, shi ya sa lokacin dusar ƙanƙara ya fi daɗin koyo tunda sawu a fili yake, ka ga ƙaramar hanyar da suke bi a cikin doguwar ciyawa ko bakin rafi ko ramin da suke kutsawa ta ƙarƙashin shinge, sau da yawa zaka ga gashi maƙale a wayar. Faɗin zoben inci 10 zuwa 12, ƙasansa kuma ya tashi daga ƙasa inci 10 zuwa 12, wato santimita 25 zuwa 30, ta yadda kai zai shiga ƙirji ya ture ƙasan zoben. Ya yi ƙasa da yawa ka kama ƙafa ko ƙananan dabbobi, ya yi faɗi da yawa ya wuce kafaɗa. Ana tallafe shi da waya mai kauri lamba 9 da aka kafe a ƙasa don kar iska ta riƙa kaɗa shi, makullin ya zauna a sama ɗan gefe kaɗan. Sabuwar waya tana ƙyalli tana warin man inji, sai a tafasa ta da bekin soda ta dushe, a shanya a waje, a riƙa ɗauka da safar hannu mai tsabta. Kuma kar ka tattake hanyar ko ka cika ta da itatuwa wai kana tilasta masa, koyoti yana ganin an sauya masa hanya zai tsaya ya kewaye.

Haɗari: a nan ne matsalar take. Babu gyara. Kare ya shiga, mintuna kaɗan ne, in mai shi ba ya kusa da almakashin yanke kebul shikenan, filaya ta gida ma ba ta yanke wannan wayar da sauƙi. Barewa takan sa ƙafa ko hanci. Sannan kisan ba kullum yake zuwa da sauri yadda ake faɗa ba, koyoti wuyansa na da kauri da tsoka, in zargen bai zauna daidai bayan kunnuwa ba zai iya daɗewa yana shan wahala kansa ya kumbura. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa jihohi da dama, musamman na gabas inda gidaje ke kusa da juna, suka hana shi a kan tudu. Gaskiya ban ga dalilin da sabon shiga mai maƙwabta zai fara da wannan ba.

Zarge mai sassautawa

Da ka gan shi zaka ce ai ɗaya ne da na farko, bambancin yana cikin ƙananan ƙarafa guda huɗu. Makullinsa yana matsewa in dabba ta ja, in ta daina ja sai ya saki kaɗan, don haka zaka zo da safe ka tarar da koyotin a zaune kamar karen da aka ɗaure a turke. Akwai ɗan ƙarfen da ke hana zoben rufewa ƙasa da inci biyu da rabi, saboda in barewa ta sa ƙafa ta zare abinta. Akwai wani da ke hana shi buɗewa fiye da inci 12. Sai ƙugiyar da aka yi ta don ta ɓalle in an ja ta da ƙarfin da ya wuce na koyoti, ya danganta da jiha, daga fam 285 zuwa 375, kusan kilo 130 zuwa 170, saboda saniya ko babbar barewa su tsinke su tafi. Ga kuma majuyi a jiki don kar wayar ta murɗe ta karye.

Wiskonsin da Fensilbaniya suna cikin jihohin da suka yi suna da wannan tsari, lokacinsa a can cikin hunturu ne daga Disamba zuwa Fabrairu, a Fensilbaniya kuma sai ka yi kwas na musamman an ba ka shaida kafin ka ɗana ko ɗaya. In jiharka na da irin kwas ɗin nan dan Allah ka je ko da ba dole ba ne, abin da tsohon maɗanin tarko zai nuna maka da hannu a yini ɗaya ya fi bidiyo ɗari.

Kuɗinsa ya ɗan ɗara na mai kisa da kaɗan saboda ƙarin ƙarafan, shi ma kamu ɗaya yake yi. Tsayi da faɗin zobe duk ɗaya ne da wancan. Inda suka rabu shi ne wurin ɗanawa, kuma nan ne sabbin shiga suke faɗawa: dole ya zama fili ne fetal, ka ja wayar iya tsawonta ka zagaya da ita, in za ta iya kaiwa ga shinge ko kututture ko ɗan itace mai kauri to wurin bai yi ba. Dalili kuwa dabbar za ta yi ta zagaye har ta nannaɗe wayar a jikin abin, daga nan makullin ba zai iya sassautawa ba, ko ta tsallake shingen ta rataye, ka ga mai sassautawa ya koma mai kisa. Wato ramin ƙarƙashin shingen nan da ya fi ko'ina daɗin kamu, da wannan zargen ya haramta gare ka a jihohin da ke da wannan doka. Abin da ciwo amma haka ne.

Turke ma sai an kula, koyoti mai rai zai kwana yana fizga sama da gefe. Rodi ɗaya a ƙasa mai laushi zai tuge shi ya tafi da waya a wuya, wanda shi ne mafi munin abin da zai faru. A sa rodi biyu masu tsawon inci 18 zuwa 24 a gicciye, ko irin turken nan na kebul da ake kora shi cikin ƙasa ya juya ya kwanta. Wani lokaci kuma yana tauna wayar har ya tsinke ta, shi ya sa ake zuwa dubawa da sassafe ba da la'asar ba.

Sai abin da mutane ba sa tunani sai sun iso wurin: ga shi nan da rai yana kallonka, yanzu fa? Jihohi da yawa sun hana a ɗauke shi a kai wani daji a saki. Abin da aka saba shi ne harbi ɗaya a ka da ƙaramar bindiga .22, wanda ke nufin kana da izinin riƙe bindiga kuma wurin an yarda a yi harbi, wannan kuma ga wanda takardunsa na zama ba su ba shi damar mallakar bindiga ba babbar magana ce, kar ka kuskura ka aro ta wani. In kare ne ko wata dabba, kana buƙatar sandar kamu mai zobe a baki da almakashin kebul a aljihu kullum.

Tarkon ƙarfe mai kama ƙafa

Wannan kowa ya san kamanninsa, muƙamuƙai biyu da faranti a tsakiya, sai dai na zamani ba mai haƙoran nan ba ne na da. Na koyoti lamba 1.75 ne ko 2 ko 3, masu sifirin naɗaɗɗe. Akwai mai ɗan tsaga tsakanin muƙamuƙan in sun rufe don jini ya riƙa gudana, akwai mai faɗin baki, akwai mai roba kamar Victor Soft Catch. Sunayen da zaka yi ta gani a shago su ne Duke a ɓangaren arha, Bridger a tsakiya, sai MB-550 da masu sana'ar ke yabo saboda yana zuwa a shirye ba sai ka yi masa gyare-gyare ba. Ƙungiyar hukumomin kifi da namun daji ta Amurka ta gwada tarkuna da yawa ta fitar da jerin waɗanda suka ci jarrabawar rage rauni, a Kanada kuma akwai jerin waɗanda aka amince da su ƙarƙashin yarjejeniyar da suka yi da Tarayyar Turai da Rasha a 1997. Ka saya daga cikin jerin, kar ka sayi tsohon ƙarfe a kasuwar gwanjo don ka ga arha.

Kuɗi: ɗaya dala 15 zuwa 30 da wani abu, ga turaku, ga ƙaramar diga, rariyar ƙasa, guduma, ga kwalaben wari da fitsarin koyoti da ake sayarwa. Rabin dozin da kayan aikinsu zai ci dala 200 ko fiye. Amma fa ƙarko ba a magana, in kana wankewa kana rina shi kana tsoma shi a kakin zuma ko na kyandir don tsatsa, shekara ashirin yana aiki, sifirin kawai zaka canza.

Koyo ya fi na zarge wuya nesa ba kusa ba. Ɗanawar da aka fi yi ita ce ta rami: ka haƙa ɗan rami a karkace mai zurfin inci 6 zuwa 8 kamar wata dabba ta ɓoye abinci, ka sa nama ko wari a ciki, ka binne tarkon a gabansa da tazarar kusan inci 8 ko 9 ɗan gefe kaɗan, ka danna ƙasa ta kewaye shi har ya zama ko ka taɓa gefensa ba ya motsi, ka rufe farantin da ƙyalle ko raga don kar ƙasa ta shiga ƙarƙashi, ka tankaɗe busasshiyar ƙasa a kai. In ya yi motsi ƙarƙashin ƙafarsa ko ya ji warin nama a jikin ƙarfen, tone shi zai yi ya bar maka a fili, wani har kashi yake yi a kai, kuma daga ranar ka koya masa darasi, kama shi ya ƙara wuya. Farantin a saita shi sai nauyin fam 3 zuwa 4 ya hau kafin ya faɗa, hakan na rage kama zomo da kyanwa da tsuntsaye. Ruwan sama da daskarewa su ne abokan gabansa, ƙasa ta jiƙe ta daskare da dare tarkon ya daina aiki a ciki, sai an koma amfani da ƙasar da aka gauraya da kaki ko busasshen gansakuka.

Abin da ya fi zarge da shi biyu ne. Yana kiran dabbar, ba sai ka gano ainihin hanyarta ba, in dai kana kusa da mahaɗar hanyoyin gona ko bakin ƙofar shinge. Kuma saki ya fi sauƙi, kare ya faɗa ka rufe masa kai da bargo ko ka riƙe shi da sandar kamu ka taka maɓallan gefe biyu, yawanci ɗan kumburi ne da ɗingishi in an duba da wuri. Illarsa shi ne warin da ke kiran koyoti shi ke kiran karnuka da ƙananan namun dajin can irin su rakun da skonk. Kar a bar nama a fili kusa da tarko, jihohi da yawa sun sa tazarar dole, saboda mikiya da shaho da ido suke farauta, mikiya kuma dokar tarayya ce ke kare ta tun 1940. Kuma ba a ɗana shi a cikin makiyayar da tumakinka suke ciki.

Keji

Shi ne wanda hankalin sabon shiga ya fi kwanciya da shi kuma shi ne ya fi ba da kunya. Kusan ko'ina doka ta yarda da shi, a irin su Masachusets kusan shi kaɗai ya rage wa mutum. Babu rauni sosai, karen maƙwabci ya shiga ka buɗe masa ƙofa ya fita. Amma babban koyoti mai wayo da wuya ya yarda ya sa kansa a akwati, waɗanda ke shiga yawanci 'yan shekara ɗaya ne ko masu ƙazuwa da yunwa ta gallaba ko na cikin gari da suka saba da mutane. Dole ya zama babba, tsawon ƙafa huɗu zuwa sama, daga dala 150 har abin da ya fi haka, ga nauyi. Sai ka ɗaure ƙofar a buɗe kwana da kwanaki kana zuba abinci har ya saba, ka rufe ƙasan wayar da ƙasa da ganye. Kafin nan zaka kama rakun ya fi a ƙirga.

Na biyar ɗin da na ce shi ne Collarum, na'ura ce da ake binnewa, dabba ta ciji abin warin ta ja sai sifirin ya wurga mata zoben kebul a wuya ya riƙe ta da rai. Tunda sai an ciza an ja, kusan dangin kare kaɗai yake kamawa, barewa da shanu ba ruwansu. Kuɗinsa wajen dala 100 ne ko ya ɗan haura, kuma wasu jihohin suna lissafa shi a matsayin zarge, a duba.

| Nau'i | Kuɗin ɗaya, ƙiyasi | Ƙarko | Koyo | Saki in an yi kuskure | Inda ya fi aiki |
|---|---|---|---|---|---|
| Zarge mai kisa | dala 2 zuwa 4 | kamu ɗaya | sauƙin ɗanawa, wuyar karanta sawu | babu | daji mai nisa, dusar ƙanƙara |
| Zarge mai sassautawa | dala 3 zuwa 5 | kamu ɗaya | matsakaici | akwai, da sanda da almakashi | fili mai ciyawa, hunturu |
| Tarkon ƙafa | dala 15 zuwa 30 da ɗori | shekaru masu yawa | mai wuya | akwai | busasshiyar ƙasa, kaka |
| Keji | dala 150 zuwa sama | shekaru | mai sauƙi | mafi sauƙi | gefen gari, ƙananan koyoti |
| Collarum | wajen dala 100 | shekaru, kebul ake canzawa | matsakaici | akwai | inda shanu da barewa suka yi yawa |

Farashin nan yana motsi, a ɗauke shi a matsayin awon ido.

Toh wa zai ɗauki wanne

In 'yar gona ce gare ka eka biyar ko goma, ga gidaje kana hango fitilunsu da dare, cire zarge mai kisa daga lissafi ko da doka ta yarda. Ƙasarku na daskarewa a hunturu, ɗauki mai sassautawa dozin ɗaya bayan ka yi kwas, ka ɗana uku ko huɗu kawai a inda ka ga sawu da idonka, ka sanar da maƙwabta su ɗaure karnukansu. Ƙasarku busasshiya ce irin ta kudu maso yamma kuma kana da haƙurin koyo, tarkon ƙafa mai tsaga guda shida ya fi maka, kuɗin farko ne kawai mai zafi.

In babban fili ne mai nisa da mutane, irin makiyayun yamma ko filayen Kanada, kuma akwai gogaggen da zai riƙe hannunka kakar farko, nan ne zarge mai kisa yake da muhalli, shi ma da ƙugiyar ɓallewa a jiki kuma ba a inda dabbobin kiwo ke shiga ba.

In cikin unguwa kake koyoti ya ɗauke maka kaji, bar maganar waya gaba ɗaya, dokar ƙaramar hukuma ma kan hana ko da ta jiha ta yarda. Gyara akurkin, ka binne ragar waya a gindinsa don kar a tona, ka daina barin abincin kyanwa da shara a waje, in abin ya ƙi ka kira mai lasisin kama dabbobi masu ɓarna.

In don fata kake so ka shiga, yi lissafi da kyau. Wajen 2019 fatar koyotin yamma mai kauri ta yi tsada saboda ana sa ta a bakin hular rigunan sanyi, a 2021 kamfanin Canada Goose ya sanar zai daina amfani da fatar dabbobi, kasuwar ta faɗi, ta gabas da ta kudu kuwa da ma ba ta da wani kuɗi. Ga fiɗa da shanya, ga ƙazuwa da tsutsar ciki da ke kama mutum in ba a sa safar hannu ba.

In kuma burinka kawai ragunan layya su kai Babbar Sallah da ransu, akwai abin da ya kamata ka sani kafin ka zuba kuɗi a tarko. Binciken da aka yi a tashar Hopland ta Jami'ar Kalifoniya ya nuna yawancin kisan tumaki ma'auratan da ke riƙe da yankin ne ke yi, musamman lokacin da suke ciyar da 'ya'ya, suna barbara Janairu zuwa Maris su haihu Afrilu zuwa Mayu, kuma su ne suka fi wuyar kamu. Wato zaka iya kama matasa biyar a hunturu ɓarna ba ta ragu ba, in ma ka kama masu yankin wasu za su shigo su maye gurbin cikin 'yan watanni. Don haka kuɗin farko ya tafi wajen shingen lantarki, da shigar da dabbobi garke da dare musamman masu sabuwar haihuwa, da kwashe mushe da wuri, da karen gadi irin Great Pyrenees ko Akbash ko ɗan Anatoliya, wasu jaki ɗaya suke sawa cikin garken kuma yana aiki a ƙaramin fili tunda jaki ba ya shiri da dangin kare. Sai dai in ka kawo karen gadi to ka san zarge ya fita daga gonarka, don shi ma hanyar da koyotin ke bi ita zai riƙa bi yana sintiri. In duk da haka wani ya nace yana shigo maka, kira ofishin kula da ɓarnar namun daji na ma'aikatar noma ta Amurka da ke jiharka ko jami'in gona na gundumarku, su zo su duba gawar su tabbatar ma koyoti ne ba karnukan unguwa ba, don koyoti maƙogwaro yake kamawa ya ci abinsa, karnuka kuwa yayyaga dabba suke ta baya da ko'ina su bar ta a nan.